Hoton ƙashi ko sikanin? Abin da na gani a wurin da muka kai gwiwar Umma

Wurin nan da zan yi magana a kansa irin cibiyoyin nan ne masu zaman kansu da suka cika Kano yanzu, hoton ƙashi da sikanin da gwajin jini duk a gini ɗaya, ga ƙaton allo a bakin titi. Ba zan kama suna ba, don akwai abin da zan yaba akwai wanda zan kushe, kuma ni ba tonon silili ya kawo ni ba. In a taƙaice kake so, ɗakin sikanin ɗinsu ya yi wallahi, ɗakin hoton ƙashi sai ka sa ido, su kuwa 'yan teburin karɓar kuɗi sai dai a ce Allah ya shirya. Amma ba don in ba su maki kawai na zauna rubutun nan ba, na lura mutane da yawa in gwiwa ta dami tsohuwarsu ko tsohonsu ba su san wanne za su biya wa kuɗi ba tsakanin hoton da sikanin, wani gani yake sikanin ai na mata masu ciki ne, wani kuma gani yake tunda ya fi tsada to dole ya fi gani. Duka biyun ba haka abin yake ba.

Umma ce mai gwiwar. Ta haura sittin, jiki kuma masha Allah akwai shi, gwiwar dama ta daɗe tana damunta, tashi daga tabarma sai ta dafa bango, hawa bene kuwa ta daina tuntuni, sallah ma ta koma yi a kan kujera wanda shi ne ya fi yi mata ciwo a rai fiye da ciwon kansa. Da asuba gwiwar takan riƙe amma kafin ta gama alwala ta ɗan taka ta saki, in ta lanƙwasa kuma kana kusa sai ka ji tana ƙurus ƙurus. An shafa man zafi iri iri, an yi ƙaho, an sha haɗin kemis. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne kumburin da ya fito saman ƙoƙon gwiwar, da wani kulli a bayan gwiwa wanda in ta miƙe tsaye yake tauri in ta zauna ya yi laushi. Kun san mu da kulli, kowa a gida ya yi shiru amma kowa daji yake tunani.

Likitan ƙashin da ya duba ta bai ɗauki lokaci ba. Ya sa ta taka, ya matsa nan ya matsa can, ya tambayi minti nawa gwiwar take yi a riƙe da safe, sai yace Hajiya wannan amosanin gaɓɓai ne irin na zaizayewar guringuntsi, ko ba hoto na sani. Ni a raina nace to in ka sani me za mu je yi wurin hoto. Ashe maganarsa tana kan hanya, don hukumar NICE ta Ingila mai tsara wa likitocinsu ƙa'idar aiki, a jagorarta ta 2022 cewa ta yi in mutum ya kai shekara 45, ciwon yana tashi in ya yi aiki da gaɓar, kuma riƙewar safe ba ta wuce minti 30, to a kira shi amosanin gaɓɓai ba sai an ɗauki hoto ba. Hoto sai in akwai wani abu da ya saɓa. Na Umma kullin nan ne ya saɓa, ga kumburi, ga kuma ƙafar ta fara lanƙwashewa waje daga gwiwa. Shi yasa ya rubuta abu biyu a takarda, hoton ƙashi na gwiwa biyu a tsaye, ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar tsaye, sannan sikanin na gwiwar dama gaba da baya.

To mu zo kan teburin karɓar kuɗi. Yarinyar da ke wurin ko ɗago kai ba ta yi ba da muka yi sallama, tana ta latsa waya, da ta karɓi takardar kuma abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne Malam ai gara ku haɗa da na baya da ƙugu, akwai ragi in an yi duka, in kuma kuna so a gani sosai MRI za a yi mata, wato hoton nan na babbar na'urar maganaɗisu da ake tura mutum ciki. Nace 'yar uwa abin da likita ya rubuta shi za a yi. Ta taɓe baki. Ni wannan halin shi ne babban abin da ya ɓata min rai da wurin, domin tsohuwar da ta zo ita kaɗai daga ƙauye da kuɗin akuyarta a ƙulle a bakin zane, in aka ce mata haka ai biya za ta yi, ita ba ta san mai teburin ba likita bace. POS ɗinsu ma ya ƙi, sai taransifa na yi muka tsaya jiran alat. Kuɗin sikanin ɗin ya fi na hoton nesa ba kusa ba, kuma sun ce na gwiwa ya fi na ciki tsada saboda likita ce da kanta take yi.

Wurin jira dai ba laifi, akwai fanka, suna da sola don haka ɗauke wuta bai tsayar da komai ba. Benci cike da dattawan mata, kowacce da hannu a kan gwiwa, hira ta ɓarke tsakaninsu da Umma nan take sai ka ce sun shekara da sanin juna. Ba abin mamaki bane yawansu, Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 mutum kusan miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai irin na zaizayewar guringuntsi a duniya, miliyan 365 daga ciki a gwiwa ne, kuma wajen kashi 60 cikin ɗari mata ne. Wata a cikinsu take ce wa Umma kar ta yarda a yi mata eksire, wato hoton ƙashi, wai haskensa yana ƙone jini, ita sikanin kawai ta yarda da shi. Gaskiya ne sikanin ba shi da wannan hasken kwata kwata, sauti ne kawai wanda kunne ba ya ji, shi yasa ake yi wa mai ciki hankali kwance. Amma hasken hoton gwiwa ɗan mitsitsi ne, bai ma kai na hoton ƙirji ba, bai kai wanda jikinka ke ɗauka daga ƙasa da sararin sama a 'yan kwanaki kana zaune a gida ba. Mai ciki ko mai zaton tana da shi dai ta faɗa kafin ta shiga, wannan kuma na ga sun manna a ƙofa da Hausa da Turanci, na yaba.

Ɗakin hoton ƙashi muka fara shiga. Wani matashi ne a ciki, da ganinsa ya gaji, yace Mama hau nan ki kwanta. Nace ɗan uwa duba takardar, a tsaye aka ce. Yace ai duk ɗaya ne, kuma Mama ba za ta iya tsayuwa ba. Umma tace ɗan nan da ƙafata na shigo, in tsayuwar ce zan yi. Sai da ya sake kallon layi biyun nan da likita ya ja sannan ya juya na'urar ta kalli bango, ya ba ni rigar dalma mai nauyin tsiya na saka don in riƙe ta, ya sa ta tattare zane zuwa saman gwiwa ta tsaya ƙafa biyu daidai kar ta jingina nauyi a ɗaya. In faɗi gaskiya da ya tashi yi ya yi da kyau, ya ɗauki na gaba a tsaye, ya sake ɗaukar wani ta ɗan durƙusa kaɗan gwiwa na taɓa allon, sai na gefe, sai wani da aka lanƙwasa gwiwar aka hasko ƙoƙon daga sama. Wato ya iya aikin, ganda ce kawai, kuma da ban yi magana ba da na kwance za mu kwasa mu tafi da shi.

Ba duk ɗaya bane, kuma wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe. Guringuntsi, wannan farin abu mai santsi da kake gani a kan ƙashin cinyar kaza in ka gama cinye naman, shi ne ke rufe bakin ƙasusuwan gwiwa don kar su goge juna, kuma shi ba ya fitowa a hoton ƙashi sam. Tun 1895 da Bajamushen nan Rontgen ya gano hasken abin da yake nunawa da kyau ƙashi ne, nama da guringuntsi wucewa yake ta cikinsu. Saboda haka likita ba guringuntsin yake kallo ba, ratar da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri yake kallo, in ratar na da faɗi yace guringuntsi na nan, in ta tsuke yace ya cinye. To in mutum yana kwance babu nauyi a kan gwiwa ƙasusuwan sakin juna suke yi, rata ta buɗe, hoto ya fito fes a ce maka ba komai ko kaɗan ne. Ka miƙar da mutumin nauyinsa ya sauka sai gaskiya ta fito. Wanda ake ɗan durƙusawa ɗin nan kuma amfaninsa shi ne sau da yawa zaizayewar ta ɗan baya take farawa, wurin da sai gwiwa ta lanƙwasa yake ɗaukar nauyi. Ka ga kenan kuɗi ɗaya za ka biya, amma hoto ɗaya ya amsa tambayar likita ɗayan kuma bai amsa ba.

Sun so su ba mu a bugun takarda, nace fim nake so, aka ce da ƙarin kuɗi, na biya. Ko ni da ban san komai ba da na ɗaga fim ɗin na ga abin da ake nufi, ta gefen ciki na gwiwar dama ratar ta kusa rufewa, ta waje kuma tana nan da faɗinta, shi yasa ƙafar ke lanƙwashewa. Gefen ƙasusuwan sun yi tsiro masu tsini, ƙashin da ke ƙarƙashin wurin da ya tsuke kuma ya fi sauran fari. Kullin da ya kawo mu kuwa ko alamarsa ban iya gani ba, kumburin ma sai ɗan dishi dishi a hoton gefe.

Ɗakin sikanin shi ne inda kuɗina ya halatta. Likitar mace ce, babba, ta miƙe ta tari Umma, Mama sannu da zuwa, ya jikin, an sha jira ko, ku yi haƙuri. Umma tace da sauƙi 'yar nan, nan take na ga ta saki jiki. Abu na farko da na lura ta yi shi ne ta ajiye kan na'urar mai lanƙwasa wanda ake ɗora wa masu ciki ta ɗauko wani mai miƙaƙƙen baki. Na tambaya, tace mai lanƙwasar don nisa aka yi shi, yana kaiwa can cikin ciki amma ba ya tantance ƙananan abubuwa, wannan kuwa ba ya nisa amma abin da ke kusa da fata yana fito da shi dalla dalla, gwiwa kuma kusa take. Tace akwai wuraren da ba su da shi kuma za su karɓi kuɗinka su yi da na cikin haka nan. Don haka in za ka kai gwiwa sikanin wannan tambaya ce da ya kamata ka yi tun a waya.

Ta sa ɗan matashin kai a ƙarƙashin gwiwar, ta matsa man nan mai sanyi Umma ta ɗan zabura, ta juyo da allon yadda mu ma za mu gani. Ta ɗora saman ƙoƙon gwiwa tace Mama ɗaure cinyarki, sai ga wani baƙin fili ya buɗe a allon, tace wannan baƙin ruwa ne, ruwa baƙi yake fitowa, ƙashi kuma farin layi ne mai haske, duk abin da ke bayan layin nan duhu ne ban ganinsa. Ta danna ruwan ya gudu gefe, ta saki ya dawo. A bakin ruwan akwai wani abu toka toka da bai gudu ba da ta danna, tace wannan tantanin da ya lulluɓe gaɓar daga ciki ne ya yi kauri, shi ke tsatso ruwan in ya fusata. Ta kunna kala, 'yan ɗigo ja suka ɗan yi ƙyalli a jikinsa, tace jini ne ke gudana, in ya yi yawa alamar kumburin yana ci ne sosai, na Mama kaɗan ne. Ta koma gefen ciki ta nuna mana tsiron ƙashin nan da muka gani a fim, ga shi ƙuru ƙuru, sannan a tsakaninsu faifan guringuntsin da ke zama tsakanin ƙasusuwan biyu an matso shi ya bulluƙo waje. Wannan fim bai nuna ba.

Ta so ta ga guringuntsin bakin ƙashin cinya, wanda sai an lanƙwasa gwiwa sosai ƙoƙon ya kauce, Umma ta yi iya yinta ta kasa kaiwa, tace wash 'yar nan iya nan ne. Likitar ba ta matsa mata ba, tace abin da na gani ya yi siriri kuma bakinsa ba sumul ba, amma kaɗan na gani, haka kuma zan rubuta. Sai ta sa ta kifa ciki. Ana ɗora na'urar a bayan gwiwa kullin ya fito, baƙi ƙirin, zagayayye, da ɗan wuya siriri da ya nufi cikin gaɓar. Tace Alhamdulillahi Mama ruwa ne zalla, ruwan gwiwar ne ya yi yawa ya samu hanya ya taru a baya, ba tsiro bane. Suna kiransa kullin Baker, sunan wani likitan fiɗa na Landan da ya yi bayaninsa a 1877. Umma ta fara hamdala tun tana kife. Kafin ta goge man sai da ta danna jijiyar jinin da ke wurin ta ga tana lotsawa, tace tana duba ko jini ya daskare ne, don in kullin nan ya fashe ruwan ya gangara sha raɓa ƙafa takan kumbura ta yi zafi har a ɗauka gudan jini ne, kuma sikanin ne ke raba gardamar.

Abin da ya sa na ƙara ganin girmanta, ni na tambaye ta nace Dakta to ai da mun sani da wannan kawai muka yi, tunda ya nuna tsiron ƙashi ya nuna ruwa ya nuna kulli. Tace a'a Malam, kar ka gaya wa mutane haka. Ni sautina ba ya ratsa ƙashi, tsakiyar gaɓar inda nauyi ke sauka ban ganinsa, cikin ƙashin ma ban gani, yadda ƙafar ta karkace daga ƙugu zuwa idon sawu ban iya aunawa, kuma abin da na gani yau in ka kai ta wurin wani gobe ya riƙe na'urar a karkace zai iya ba ka wani labarin daban. Fim kuwa duk likitan da ya ɗaga abu ɗaya zai gani, in an sake ɗauka bayan shekara biyu a jera su a ga ko ya ƙaru. Mutumin da zai rage wa sana'arsa daraja don ya gaya maka gaskiya ba kullum ake samunsa ba a wuraren nan.

Sakamakon an ce awa ɗaya, sai bayan la'asar ya fito. Na hoton ƙashi layi uku ne da Turanci, an ce akwai zaizayewa a gwiwa biyu, shikenan, ba a faɗi mataki ba, ba a ce gefen ciki ko na waje ba, sa hannun ma ba ka gane na waye. Na sikanin kuwa shafi guda, an auna kullin tsawo da faɗi, an faɗi wurin da ruwa yake, an faɗi abin da ba a samu gani ba. Gini ɗaya, kan takarda iri ɗaya, amma aiki ya bambanta.

Da muka koma wurin likitan ƙashi ko kallon layi ukun nan bai yi ba, fim ɗin ya maƙala a allon haske yace dama mataki na 3 ce, hagu tana tsakanin 2 da 3. Ma'aunin da suke amfani da shi daga 0 zuwa 4 yake, wasu likitoci biyu na Ingila, Kellgren da Lawrence, suka fitar da shi a 1957 kuma har yau shi ake yi, 2 tsiron ƙashi ya tabbata, 3 rata ta tsuke a fili, 4 kusan ƙashi na kan ƙashi. A kan hoton ƙashi aka gina ma'aunin, ba a kan sikanin ba. Abin da ya ɗaure min kai ita hagun, a fim ba ta fi damar kyau da wani abin kirki ba, amma Umma tace ita ba ta taɓa damunta. Likita yayi dariya yace haka abin yake, wani hotonsa ya lalace yana zuwa gona, wani hotonsa da sauƙi ba ya barci. Shi guringuntsi ba shi da jijiyar jin ciwo, ciwon daga tantanin nan da ya kumbura yake zuwa da ƙashin da ke ƙasa da naman da ke kewaye. To a nan ne sikanin ya yi rana, don shi ya nuna abin da ya bambanta dama da hagu a yanzu, ruwa da kumburi.

Ya zuƙe ruwan da sirinji, ruwan ɗorawa ne garai garai ba ruwan mugunya ba, ya sa allurar rage kumburi a ciki, ya kuma faɗa mana ƙarara cewa sauƙin na makonni ne ba warkewa bace, kullin ma zai iya dawowa muddin gwiwar na tara ruwa, mai ciwon suga kuma ya sani allurar takan ɗaga suga na 'yan kwanaki. Ya hana haɗin kemis ɗin nan gaba ɗaya saboda gyambon ciki da ƙoda da hawan jini, ga shi wasu haɗin har da ƙwayar sa ƙiba a ciki, yace ta riƙa shafa diclofenac na shafawa maimakon haɗiya. Sauran aikin na fisiyo ne, wato masu gashi da koyar da motsa jiki a asibiti, ƙarfafa naman cinya, rage nauyi, da sanda a hannun hagu tunda dama ce mai ciwon, wanda Umma ta ce ita ba ta tsufa da riƙe sanda ba, har yanzu ana kan ja. Yace in wata rana abin ya kai ba barci ba tafiya, sai a yi maganar canjin gwiwa a irin su Asibitin Ƙashi na Dala, kuma ranar mai fiɗa hoton ƙashi na tsaye zai nema, ba zai tsara aiki da takardar sikanin ba. MRI ɗin da mai tebur ta so ta sayar mana kuwa yace bai ga abin da zai ƙara masa ba a gwiwar nan, ya fi amfani in gwiwa tana kullewa ko an ji rauni ana zaton wani abu ya yage a ciki.

Ni dai ra'ayina bayan na ga duka biyun a ƙafa ɗaya rana ɗaya, in kuɗinka na abu ɗaya ne kuma ciwon irin na tsufa ne mai tashi da tafiya ya lafa da hutu, fara biyan kuɗin ganin likita tukunna, wataƙila ma yace ba sai hoto ba ka sa kuɗin a fisiyo. In zai rubuta ɗaya don ya san inda zaizayewar ta kai, hoton ƙashi ne a tsaye, ya fi araha kuma ko a babban asibitin ƙaramar hukuma ana iya samu. Sikanin na ranar da gwiwa ta kumbura ne, ko kulli ya fito a baya, ko za a zuƙe ruwa ana so allura ta faɗa daidai, ko sha raɓa ta kumbura ana tsoron gudan jini. Kuma shi ba na'urar kake biya ba, hannun mai riƙe ta kake biya, wanda ya saba da cikin mata kawai ba lallai ya san gwiwa ba. Gwiwar da ta kumbura dare ɗaya ta yi ja ta yi zafi ga zazzaɓi, ko yaro ne ko mai sikila, wannan kar a tsaya zaɓen hoto, asibiti za a nufa a ranar don ƙwayar cuta a cikin gaɓa ba ta jira. Haka wanda riƙewar safe ke kai masa awa guda har da yatsun hannu, nasa wani amosanin ne daban, gwajin jini zai shigo ciki.

Saura ginin kansa. Matakala huɗu ne a ƙofar shiga masu tsayi ba abin dafawa, keken marasa lafiya ɗaya ne tayarsa a sace, mai gadi ne ya taimaka min muka ɗago Umma, Allah ya saka masa, shi ya fi kowa a wurin sakin fuska in ka cire likitar. Banɗaki a wanke yake amma na tsuguno ne, a wurin da rabin masu zuwa ba sa iya lanƙwasa gwiwa, Umma haƙura ta yi har gida. Na faɗa wa wani da aka ce shi ne manaja, yace insha Allah za a duba. Zan koma don sikanin, amma sai na kira na tabbatar likitar nan ce a ɗakin, don an ce min ba kullum take zuwa ba, sauran ranaku wani ne ke riƙe wurin.